Fetur, Iskar Gas da Dizal: Man da Ya Ɗauki Kayanmu

Duk ɗan ƙungiya da ya sauka Omdurman karon farko ya san ruɗanin nan: abin da mutanen Sudan suke kira jazulin shi ne dizal, wanda muke ce wa gas a Kano. Fetur kuwa banzin ne, iskar gas ta tukunya kuma daban take.

Kasuwar Libiya ta samo sunanta daga kayan da manyan motoci suka riƙa ketowa da su ta hamada daga Libiya. A hanyoyin Sudan kuwa Bedford ce ta yi suna, wadda maƙeran ƙasar suka sake wa jiki suka raɗa mata Sifinja.

Me ya hana iskar gas ɗaukar wannan kaya? An gwada a Amurka. Kamfanin Minneapolis-Moline ya fitar da tarakta mai aiki da ita a 1941, John Deere ya biyo baya. Ba ta cika hayaƙi ba, ba ta saurin ɓata baƙin mai, amma litarta kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin litar fetur take bayarwa, ga ta sai an matse ta a tukunyar ƙarfe. Fetur kuwa durom ya ishe shi. Dizal ya fi su duka nisan zango, shi ya sa ya kwashe gonakin Amurka, kamar yadda ya riƙe na Gadarif.

Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai a 1999, matatar Jaili ta fara aiki a 2000, iskar gas ta wadata a gidaje. Da Kudu ta ɓalle a 2011, kusan kashi uku cikin huɗu na man ya tafi da ita. An rage tallafi a 2013, aka cire shi a 2021. Yaƙin Afrilun 2023 ya durƙusar da matatar, aka wawashe kasuwarmu.

Yau a Najeriya, tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, ana ta kiran masu motoci su koma gas. 'Yan uwa, kafin mutum ya taɓa injinsa, ya lissafa nisan da lita ɗaya za ta kai shi, ya kuma tambayi direbobi inda za a cika tukunya tsakanin Maiduguri da Adre. Allah Ya dawo da zaman lafiya, Ya buɗe hanya.