Asalin Wasu Keɓaɓɓun Kalmomin Talla da Bincike a Intanet

Sana'ar gyara shafi domin ya fito a sahun gaba idan an yi nema a injin bincike, wadda masu ita suke taƙaita sunanta da haruffa uku, SEO, ba ta samu wannan suna ba sai wajen 1997. Amma daga lokacin zuwa yau ta tara kalmomi masu yawa, waɗanda suke ta shigowa bakin matasanmu masu talla a Facebook da Instagram. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, galibin kalmomin nan an haife su ne a fagen jayayya tsakanin masu injin bincike da masu shafukan da ke son a gan su. Wanda ya ɗauki ƙamus ya fassara su ba tare da sanin wannan jayayya ba, lalle zai yi tuntuɓe.

Injin farko da masana suka fi ambata shi ne Archie, wanda Alan Emtage ya ƙirƙira a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada a 1990, sai dai sunayen fayil kawai yake tattarawa. A 1994 ne Brian Pinkerton na Jami'ar Washinton ya fito da WebCrawler, mai karanta dukan abin da ke cikin shafi. Manhajar da ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya tana kwaso abin da ke cikinsu, Turawa sun kira ta da sunan gizo-gizo, taskar da take zubawa a ciki kuwa suka ba ta sunan jerin nan da ake sa wa a ƙarshen littafi. A nan Hausa ta taki sa'a, domin mun riga mun saba da “yanar gizo”, kuma malamanmu sun daɗe da sanin fihirisa.

Injunan wancan zamani, irin su AltaVista da ya bayyana a Disamba 1995, sun dogara ƙwarai da kalmar da mai nema ya rubuta, su duba shafin da ta fi yawa a ciki, ko wanda ya sa ta a kanunsa. Ita ce wasu ke fassarawa “mabuɗin kalma”, wanda bin Ingilishi ne sau da ƙafa. A ganina “kalmar nema” ta fi faɗin aikinta. Da masu shafuka suka gane lagon injin, sai suka shiga cusa kalma ɗaya sau ɗari a ƙasan shafi, wani lokaci da farin rubutu a kan farin fili, yadda idon mutum ba zai gani ba amma gizo zai karanta. Akwai kuma wani gurbi a bayan shafi da aka tanada domin mai shafi ya faɗi abin da shafinsa ya ƙunsa; aka yi ta zuba ƙarya a ciki, har a 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da shi wajen jera sakamako. Irin wannan tarkace ne ake kira Spam, sunan naman gwangwani da kamfanin Hormel ya fara sayarwa a 1937. Wani wasan barkwanci na ƙungiyar Monty Python da BBC ta nuna a 1970, inda aka yi ta nanata sunan naman har ya danne maganar kowa, shi ya jawo masa wannan sabuwar ma'ana.

Babban sauyi ya zo ne daga Jami'ar Stanford, inda ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka soma wani aiki a 1996 mai suna BackRub, wanda ya zama kamfanin Google a Satumba 1998. Dabararsu ba baƙuwa ba ce ga masu karanta wannan mujalla, domin ta yi kama da abin da Eugene Garfield ya yi tun shekarun 1960, watau auna darajar maƙala da yawan waɗanda suka kafa hujja da ita. Sai suka ɗauki kowane mahaɗi da ya taso daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaida, kuma shaidar shafi mai mutunci ta fi ta wanda ba a san shi ba nauyi. Ma'aunin suka kira PageRank, sunan da ya yi harshen damo, tun da Page sunan mai shi ne, kuma ma'anarsa shafi. Ke nan ba abin da ka faɗa game da kanka kaɗai ake dubawa ba, har da abin da wasu suka faɗa.

To, inda duk shaida ta yi daraja, ba a rasa shaidar zur. Aka kafa ɗaruruwan shafuka marasa amfani waɗanda ba su da aiki sai nuna juna, aka kira su gonakin mahaɗai. Aka kuma shiga saye da sayar da mahaɗai. A Janairu 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama da mai shafi zai liƙa wa mahaɗi, mai nufin cewa bai tsaya wa wancan shafi ba. A 2006 Google ya cire shafin BMW na Jamus daga fihirisarsa na ɗan lokaci saboda nuna wa gizo abin da ba shi mutane ke gani ba, a 2012 kuma ya fito da gyaran da ya kira Penguin domin murƙushe cinikin mahaɗai. Masu sana'ar sun raba kansu gida biyu da sunan huluna, fara da baƙa, abin da suka aro daga finafinan kaboyi, inda jarumi yakan sa fara, mugu baƙa. Ga babban rami ga mai fassara: “farar hula” a Hausa ta riga ta zama sunan wanda ba soja ba. Gara a ce mai bin ƙa'ida da mai algus, domin algus ɗin shi ne ainihin laifin.

Kalmomin kuɗi kuwa hanyarsu daban. Tallan allo na farko da ya shahara ya fito a shafin HotWired a Oktoba 1994, kuma farashin irinsa a kan kowane gani dubu aka riƙa yanke shi, kamar yadda jaridu suka saba. Bill Gross ne, da kamfaninsa GoTo a 1998, ya sa kalmomin nema a gwanjo: wanda ya fi tayi shi ke hawa sama, kuma ba ya biya sai an danna. Google ya buɗe AdWords a Oktoba 2000, ya koma tsarin biya bisa dannawa a 2002, tare da ƙarin cewa tallan da mutane suka fi dannawa yana iya shan gaban wanda ya fi shi tayi. Sunansa Google Ads tun 2018. Lokacin da mai dannawa ya sayi kaya, Ingilishi ya kira shi da kalmar da ake amfani da ita wajen sauya addini, alhali Bahaushe cewa yake ciniki ya faɗa. Haka nan tsarin da Amazon ya buɗe a 1996, na ba mai shafi wani kaso idan ya turo mai saye, ba ya bukatar sabon suna a ƙasar da ta san dillali da la'ada tun kafin zuwan Turawa.

Akwai wata matsala da ta shafi Hausa ita kanta. Kalmar nema ita ce abin da mutane suka rubuta, ba abin da ya kamata su rubuta ba, kuma da yawa ba sa sa ƙugiya a waya. A tsarin Unicode kuwa ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba kamar é ta Faransanci ba, wadda ake iya rabawa zuwa e da alamarta. Saboda haka mai sayar da ƙofofi a Kano sai ya tsaya ya zaɓa tsakanin “ƙofa” ta ƙa'ida da “kofa” ta masu saye. Bugu da ƙari ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka “gari” na birni da “gari” na tuwo siffarsu ɗaya. Google ya sanar da gyaran Hummingbird a 2013 da BERT a 2019 domin injin ya riƙa duban ma'anar jimla gaba ɗaya maimakon kalma ɗai-ɗai, amma irin wannan inji daga tarin rubutu yake koyo, rubutun Hausa da ke intanet kuwa bai kama ƙafar na Ingilishi ko Larabci ba.