Malick Sidibé

Malick Sidibé (an haife shi a wajajen 1935, ya rasu ranar 14 ga Afrilu, 2016) mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Mali. Ya yi suna da hotunan baƙi-da-fari na bukukuwan aure da na suna da wuraren rawar matasa a birnin Bamako, musamman a shekarun 1960 da 1970. Ana yi masa laƙabi da "Idon Bamako".

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Soloba da ke kudancin Mali, kusa da iyakar Gini, a lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Iyayensa Fulani ne, kuma ya tashi yana kiwo da noma. Tun yana yaro ya rasa ganin idonsa na hagu. Ya yi makaranta a Yanfolila da Bougouni, inda malamai suka lura da baiwarsa ta zane. Wannan ce ta kai shi makarantar koyon sana'o'in hannu ta Bamako a 1952, wadda daga baya ta zama cibiyar fasaha ta ƙasa. A can ya koyi zane da ƙirar kayan ado.

Shiga sana'ar hoto

A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat-Guignard, ya ɗauke shi don ya ƙawata masa shago da zane. Daga nan ya zama yaron shagon, ya koyi ɗauka da wanke hoto. A 1956 ya sayi kyamararsa ta farko, ƙirar Brownie Flash. Maigidan yakan je tarukan Turawa, shi kuwa Malick ya je bukukuwan 'yan gari. Daga baya ya buɗe nasa shagon, Studio Malick, a unguwar Bagadadji.

Salon aikinsa

Manyan masu hoto da suka gabace shi a Bamako, irin su Seydou Keïta, a shago suke aiki: mutum ya ci ado, ya zo ya zauna a gaban labule, a ɗauke shi. Malick ya fita da ƙaramar kyamara mai fitila zuwa inda abin yake faruwa. Yakan hau keke ya zagaya taro uku ko huɗu a dare ɗaya. Ba ya tsayar da biki don a jera masa mutane. Sai ya shiga cikinsu, su saba da shi, ya jira lokacin da aka yi dariya ko aka juya ana rawa. Saboda ya fara da zane, yana kula da tsayuwar mutum da inda hannu da ƙafa suka faɗa, da yadda zanen tufafi ya dace da abin da ke bayansa.

Idan ya dawo, a daren yake wanke fim. Sai ya lilliƙa ƙananan hotuna a jikin kwali, ya rubuta sunan taron da kwanan wata, ya baje a shago. Waɗanda suka je bikin su zo su nemi fuskarsu, su biya a buga musu. Ta haka ya tara dubban hotuna masu kwanan wata, waɗanda yau suka zama taskar tarihin yadda matasan Mali suke sa tufafi da shagali bayan samun 'yancin kai a 1960. Mafi shahara a cikinsu shi ne Nuit de Noël na 1963, inda wani saurayi da wata budurwa suke rawa, ita ba takalmi. Ya kuma ɗauki matasa suna wasa a bakin kogin Neja. A Yamai ta Nijar, Philippe Koudjina ya yi aiki mai kama da wannan a zamani ɗaya.

Daga shekarun 1970 ya fi zama a shago yana ɗaukar hoton mutane, tare da gyaran kyamarori.

Shahara da lambobin yabo

Duniya ta san aikinsa bayan baje kolin hotunan Afirka na farko da aka yi a Bamako a 1994. A 1995 gidauniyar Cartier ta nuna hotunansa a Faris. Ya samu kyautar Hasselblad ta ƙasar Suwidin a 2003. A 2007 aka ba shi Zakin Zinare na baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya, don aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Shi ne ɗan Afirka na farko, kuma mai ɗaukar hoto na farko, da ya samu wannan lambar. Ya kuma ci kyautar World Press Photo a 2010.

Rasuwa

Ya rasu a Bamako ranar 14 ga Afrilu, 2016. A 2017 gidauniyar Cartier ta shirya babban baje koli mai suna Mali Twist don tunawa da shi.