Statin: Daga Funfuna Zuwa Asibitin Masu Cutar HIV

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin likita ya rubuta wa wani mai ciwon suga atorvastatin, alhali gwaji ya nuna kitsen jininsa bai hau ba. Sai ka ji mutum yana cewa, "To ni me ya haɗa ni da maganin kolestirol?" Amsar tana cikin tarihin maganin.

A 1973 wani masanin kimiyya ɗan Japan, Akira Endo, yana aiki a kamfanin Sankyo da ke Tokyo. Bayan ya bincika nau'o'in funfuna kusan 6,000, ya samo wani sinadari da ke hana hanta ƙera kolestirol. Shi ne statin na farko. Na farkon da ya shiga kasuwa kuwa shi ne lovastatin na kamfanin Merck, wanda Amurka ta amince da shi a 1987. A 1994 aka fitar da sakamakon gwaji kan masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai: simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin 100.

Daga nan masana suka lura statin yana rage kumburin da ke faruwa a bangon jijiyoyin jini, ba kitse kaɗai ba. A wajajen 2000 wasu bincike suka nuna masu shan statin ba su cika kamuwa da cutar mantuwa ko karayar ƙashi ba. Nan fa aka fara yi masa kallon maganin komai da ruwanka.

Amma fa ka kula da irin binciken. Bayanan asibiti kawai aka duba, aka kwatanta masu sha da marasa sha. Mutumin da ke shan ƙwayarsa kullum ba fashi, galibi shi ne mai zuwa asibiti, mai kula da abincinsa. Ka ga ke nan ba za ka iya rantsuwa cewa ƙwayar ce ta yi aikin ba. Hanyar da ke raba gardama ita ce a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta.

Da aka yi haka, wasu zato suka rushe. A 2010 an gwada atorvastatin kan masu cutar mantuwa ta Alzheimer 640, bai rage musu komai ba. A 2014 an gwada rosuvastatin kan marasa lafiyar da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu har huhunsu ya gaza, bai rage mutuwa ba.

Wasu kuma suka tabbata. A 2008 Paul Ridker na Boston ya jagoranci gwajin JUPITER kan mutum 17,802 da kolestirol ɗinsu bai hau ba, amma jininsu na nuna alamar kumburi. Rosuvastatin ya rage bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu da kashi 44 cikin 100. Sai a 2023 gwajin REPRIEVE ya biyo baya, kan masu ɗauke da HIV 7,769 a ƙasashe 12, har da Afirka ta Kudu, Yuganda da Botswana. Masu wannan cuta sun fi sauran jama'a haɗarin ciwon zuciya ko da suna shan maganinsu. Pitavastatin ya rage wannan haɗarin da kashi 35 cikin 100.

Duba inda aka yi nasara da inda aka faɗi. Duk inda statin ya ci jarrabawa, jijiyoyin jini yake karewa. Shi ya sa likita kan duba shekarunka, hawan jininka, suga da shan sigari kafin ya yanke hukunci, ba lambar kolestirol kaɗai ba.

Maganin yana da nasa illoli: wasu kan ji ciwon tsoka, yana ɗan ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon suga, kuma ba a saba ba mai juna biyu ba. Don haka idan an rubuta maka, kar ka ajiye shi don gwajinka ya yi kyau, ka tambayi likitan dalili. Idan kuma wani ya ce ka saya a kemis don kaifin ƙwaƙwalwa, ka tuna an gwada kan masu cutar mantuwa, bai yi ba.