Asalin Wasu Sunaye da Kalmomin Aro a Ƙasar Dutse

Sunayen Dutse da Jigawa duk Hausa ne tsantsa. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, shi kuwa Dutse ya samo sunansa daga duwatsun da suka kewaye tsohon garin. Tarihin baka ya ce wani maharbi Babarbare, Duna Magu, shi ya fara zama a wurin, ya kira shi Gadawur saboda yawan gada da ya tarar. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ya zama babban birninta.

Tunda ƙasar na kan hanyar Kano zuwa Barno, ba mamaki a ji Barbarci a bakin mutanenta. Sarautun Galadima, Ciroma da Yarima daga Barno suka zo. Abin da ya fi jan hankali shi ne kalmar kasuwa. Tushenta Larabci ne, suƙ, amma sai da ta biya ta bakin Barebari, suka ɗora mata "ka" a gaba, sannan Bahaushe ya karɓa. Masanin harshe Joseph Greenberg ya yi bayanin irin wannan aro a 1960. Ke nan duk mai cewa zai ci kasuwar Shuwarin, harsuna uku ne suka haɗu a kalma ɗaya a bakinsa. Alƙali, liman da hakimi daga Larabci suke, ardo da ruga kuma daga Fulatanci.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903 aka shiga zamanin haruffa. Turawa sukan rubuta N.A., wato hukumar gargajiya, da D.O., wato jami'in mulkinsu na gunduma, a takardunsu, jama'a kuma suka ji da kunne suka mai da su En'e da Di'o, har aka manta haruffa ne. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e, amma dattawa ba su saki kalmar ba. Haka Nepa ta wutar lantarki, wadda aka kafa a 1972: hukumar ta daɗe da sauya suna, amma har yau in wuta ta ɗauke Nepa ake ambata.

Gajerun sunayen baya-bayan nan, irin su JARDA ta manoma da FUD, wato jami'ar tarayya da aka kafa a Dutse a 2011, har yanzu da manyan haruffa ake rubuta su.