Yadda Kapabalanka Ya Karɓi Dakare Ya Ƙi Doki

Akwai wani wasa mai kama da dara wanda Larabawa ke kira shaɗaranji. Asalinsa daga ƙasar Hindu ne, ya bi ta Farisa ya zo wa Larabawa, su kuwa suka kai shi ƙasashen Turai. Ana yinsa bisa wani allo mai gida 64. Mutum biyu ke karawa, ɗaya da fararen 'ya'ya, ɗaya da baƙaƙe, kowa da 16: sarki da waziri, da giwa biyu, da doki biyu, da hasumiya biyu, da dakaru takwas. Wanda aka ritsa sarkinsa har ya rasa mafita, shi aka ci.

Dakare shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, amma gwanaye ba su raina shi, domin in ya kai ƙarshen allo sai a naɗa shi waziri. Saboda haka in gwani ya miƙa dakarensa tun farkon wasa don a ci, to, ba kyauta ya yi ba, tana ce ya sa a bakin ƙugiya. So yake abokin karawarsa ya shagala da ci, shi kuwa ya sami hanya zuwa ga sarki.

A ƙasar Amurka an yi wani gwani ana ce da shi Farank Mashal. Shi ne zakaran ƙasar tun daga 1909 har 1936, an kuwa san shi da zafin kai hari. Cikin 1909 ɗin ya kara da wani saurayi ɗan shekara ashirin, mutumin tsibirin Kyuba, sunansa Kapabalanka, wanda ya koyi wasan tun yana da shekara huɗu wajen kallon mahaifinsa. Saurayin nan ya ci Mashal sau takwas, Mashal ya ci sau ɗaya tak, suka yi canjaras sau 14. Wannan kaye bai yi wa Mashal daɗi ba.

Cikin watan Oktoba 1918, ana gab da gama yaƙin duniya na farko, aka shirya gasa a birnin Niyu Yok. A zagayen farko sai aka haɗa mutanen nan biyu, Kapabalanka da farare, Mashal da baƙaƙe. Suka fara da wani tsohon buɗi wanda ake kira buɗin Sipaniya, kowa na taka abin da aka saba. Da aka kai taku na takwas, sai Mashal ya tura dakaren da ke gaban wazirinsa gida biyu, ya bar wani dakare a tsakiyar allo inda za a iya cinsa. Ana cewa ya daɗe da shirya wannan dabara, ya ɓoye ta yana jiran ranar da za su gamu.

Kapabalanka ya yi shiru yana tunani. Ya gane an haƙa masa rami, ya kuma san abokin karawarsa ya riga ya bi kowace hanya a gida, shi kuwa yanzu ya fara ganinsu, ga agogo na tafiya. In ya ƙi ci, za a ce tsoro ya ji. In ya ci, dukan rundunar baƙaƙe za ta afka wa sarkinsa, alhali dokinsa ɗaya da giwa da hasumiya ba su ko motsa daga gidajensu ba. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa ya ga mutuncinsa ne aka taɓa, ya kuma lissafta ya ga zai iya tsare gida. Sai ya ci dakaren.

Nan take hari ya taso. A taku na 13 Mashal ya kawo dokinsa bakin wani dakare don a ci. Kapabalanka ya duba, ya ga in ya taɓa dokin nan ƙofar sarkinsa za ta buɗe, sai ya ƙyale shi, ya fito da wazirinsa don tsaro. Bayan taku biyu Mashal ya sake jefa dokin kusa da sarki, har wa yau Kapabalanka ya ƙi ci, ya jawo hasumiya ya toshe hanya. Bai kama dokin ba sai a taku na 19, sa'ad da ya tabbata abin da zai biya bai kai abin da zai samu ba.

Sa'an nan wazirin baƙaƙe ya kutsa har cikin gida. Kapabalanka bai yi gardama ba, ya fita da sarkinsa, yana ja da shi gida gida, har ya ƙetare zuwa ɗaya gefen allon, ya sami mafaka. Da harin ya huce, sai 'ya'yan nan da ke zaune tun farko suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ya tura wani dakare nasa har saura gida ɗaya a naɗa shi waziri. A taku na 36 Mashal ya sallama. Kapabalanka ne ya ci gasar duka, cikin 1921 kuma ya ka da Laska, mutumin Jamus, ya zama zakaran duniya har 1927.

Amma dabarar Mashal ba ta mutu da kayen nan ba. Masana suka yi ta bincike, aka gano kuskuren ba a taku na takwas yake ba, a na 11 ne, inda ya janye dokinsa daga tsakiya maimakon ya tokare shi da dakare. Da aka gyara wannan, sai ta zama abin tsoro, har yau manyan gwanaye da yawa sukan kauce mata tun kafin a kai wurin. Da sunan Mashal ake kiranta.

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma gudun kowace kyauta ma ba dabara ba ce. Abin da ya fid da Kapabalanka shi ne, kome aka miƙa masa sai ya auna kuɗinsa tukuna kafin ya miƙa hannu.