Karaga: Kujerar da ta ɗauko siffarta daga ginin fada

Karaga ita ce mazaunin da aka keɓe wa sarki a fada, kuma sunanta ya zama sunan mulkin kansa. Shi ya sa ake cewa Alhaji Umar Faruk Umar ya hau karagar Daura a shekarar 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya zauna kanta tun 1966.

A tsofaffin fadojin ƙasar Hausa, mazaunin sarki wani ɓangare ne na ginin. Magini kan tayar da dakali na ƙasa a cikin soro, a bi shi da shimfiɗu da matasan fata, sarki ya zauna sama, hakimai da fadawa su zauna ƙasa, kowa a gurbinsa. A fadar Kano ma akwai bafade mai sarautar Kilishi, wanda shimfiɗar sarki ke hannunsa. Ita kuwa kujera, a da ta mata ce: 'yar gajera, sassaƙe daga gungume guda, ana zama kanta a bakin murhu. Malami buzunsa ya ishe shi.

Tarihin Daura ya nuna cewa karaga ba ta tsaya ga abin zama ba. Da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi garin wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya fice, ya ci gaba da sarauta a Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa Daura. Ƙarni guda ke nan suna riƙe da sunan ba tare da soron ba.

Da kujera mai hannuwa da majingina ta shigo fada da gidajen masu hali, sai kafintoci suka koma ga gini neman ado. Abu uku suka fi ɗauka. Akwai zanko, tsinin nan da ke kusurwoyin soro, wanda ake sassaƙawa a saman majingina. Akwai bakan gizo, lanƙwasar da ke ɗauke da rufin azara, wadda aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya ya fito da martabarta. Ita ake kwaikwaya a hannuwan kujera. Sai dagi, wanda masu ɗinkin riga da dukawa da magina duk suka yi tarayya a kansa, kafin gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta mai da shi tambari.

Ba kowace kujera mai dagi ce ta dace da soro ba. Da yawa ƙirar Turai ce mai ruwan zinariya, an liƙa mata dagi a goshi kawai, sai ta zauna a ƙarƙashin rufin azara kamar baƙuwa. Wadda ta karɓi wurin ita ce mai faɗi da nauyi, mara tsawo sosai, wadda mai babbar riga da alkyabba zai zauna kanta ya baje ba tare da hannuwanta sun takura shi ba.