Wanda aka ƙwace wa budurwa a fim

A gidanmu da ke Gangare, cikin Jos, na fara kallon Dilwale Dulhania Le Jayenge, fim ɗin Indiya na 1995, a kaset ɗin bidiyo. Shah Rukh Khan ya bi Kajol daga Landan har Punjab, alhali an riga an yi mata miji. Muka yi ta dariya da tafi. Yayana kaɗai ya tashi ya fita, don a shekarar aka dawo masa da kayan sa ranarsa.

Mutanen Jos sun daɗe da sanin wannan labari, tun zamanin da ake cika silimar Kwararafa don kallon Indiya. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai ya gaji salon: mutum uku, so ɗaya, ga waƙa da rawa. Amma ya canza masa hanya. Idan namiji ne mai aure, ƙofa a buɗe take, labarin ya koma na kishiya. Idan mace ce aka sa wa rana, to addini ya hana nema cikin nema. Matar aure kuwa, Wasila na 2000 ya nuna yadda abin ke ƙarewa da saki da nadama.

Shi ya sa a wurinmu barkwancin ba ya nisa. Wanda aka ƙwace wa, maƙwabci ne ko ɗan uwa, gobe ma za ku haɗu a masallaci.